Awon Ingancin Gani da Aibobin Ido: Daga Allon Snellen Zuwa Na'urar Sahun Haske

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hanyoyin da masana suka bi wajen auna ingancin ganin ɗan Adam, tun daga allon haruffa na shekarar 1862 har zuwa na'urorin zamani masu zana aibobin ido dalla-dalla. Ta kafa hujja a kan cewa kowane ma'auni tambaya ɗaya yake amsawa, bisa sharuɗɗan da aka gindaya masa, don haka lamba guda ba ta isa ta zama hukunci a kan ganin mutum ba, ko daga allon kwali ta fito ko daga na'ura mai tsada.

1. Gabatarwa

Mas'alar da nake so mu duba ita ce wadda duk wanda ya daɗe a ɗakin gwajin ido ya sha cin karo da ita, wato a tsayar da mutum biyu gaban allo ɗaya, kowanne ya karanta har layin 6/6 ba tare da tuntuɓe ba, a rubuta musu sakamako iri ɗaya, amma na farko ya tafi yana hamdala, na biyu kuwa ya dawo yana kukan cewa da zarar magariba ta yi, fitilun motocin da ke tahowa sai su yi masa gashi da wutsiya, har ya rasa inda gefen kwalta yake. Likitan da ya ce masa idonsa lafiya lau bai yi ƙarya ba, domin abin da allo ya faɗa ke nan. Shi ma majiyyacin bai yi ƙarya ba, domin abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Tushen saɓanin yana ga ma'aunin da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma a kan wannan ne maƙalar za ta gudana.

2. Ido a Matsayin Na'urar Haske

Wanda ya aza harsashin wannan ilmi shi ne Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, domin a cikin Kitabul Manazir ya tabbatar, ta hanyar gwaji da hujjar lissafi, cewa gani yana samuwa ne saboda hasken da ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya rushe da'awar magabata irin su Baɗlimus masu cewa idon ne ke fitar da haske. A shekarar 1604 Johannes Kepler ya ƙarasa aikin, inda ya bayyana cewa hoton abin da ake kallo yana sauka ne a juye kan labulen da ke bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina.

Ƙarfin gilashi wajen lanƙwasa haske da diyofta ake auna shi, gilashin da ke tara hasken nesa a tazarar mita ɗaya shi ne mai diyofta ɗaya. Ido gaba ɗayansa yana da kimanin diyofta 60, wanda koniya, wato fatar gaban ido mai garai-garai, take ɗauke da kusan 43, madubin ciki kuma ya cike sauran, duk a cikin ƙwayar da tsawonta bai wuce milimita 24 ba. Idan ƙwayar ta ƙara tsawo da milimita ɗaya kacal, mai ita zai buƙaci gilashi mai kusan diyofta 3 kafin ya hangi nesa, wanda shi ne gajeren gani. Idan ta gajarta, wahalar ta koma ga ganin kusa. Idan kuwa lanƙwasar koniya a tsaye ta saɓa wa lanƙwasarta a kwance, an sami astigmatizim, aibin da Thomas Young ya gano a idon kansa a 1801, George Airy kuma ya gyara nasa da gilashi na musamman a 1825. Franciscus Donders na Utrecht a ƙasar Holan shi ne ya tattara waɗannan aibobi, ya tsara su babi-babi a littafinsa na 1864.

Sai dai Hermann von Helmholtz, wanda ya ƙera madubin leƙa cikin ido a 1851, ya lura tun a wancan zamani cewa ko an gyara waɗannan manyan aibobi, akwai wasu ƙanana da suka saura, har ya yi furucin nan nasa sananne mai ma'anar cewa da wani maƙeri ne ya sayar masa da na'ura mai irin wannan tawaya, da ya mayar masa da kayansa, ko da yake nan take ya ƙara da cewa idon ya wadatar da buƙatar mai shi. Ya san aibobin suna nan, abin auna su ne bai zo hannu ba sai bayan shekaru fiye da ɗari.

3. Allon Haruffa da Iyakarsa

Herman Snellen, abokin aikin Donders, shi ne ya fito da allonsa a 1862, bisa ƙa'idar cewa lafiyayyen ido yana rarrabe abu biyu da ke da tazarar minti ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya bisa sittin na digiri. Saboda haka ya zana kowane harafi a cikin gida biyar-biyar, ta yadda harafin layin 6/6 tsayinsa milimita 8.7 ne idan daga mita shida za a karanta shi. Lambar sama ita ce nisan mai karatu, ta ƙasa kuma nisan da lafiyayyen ido zai karanta wannan layi, don haka mai 6/60 sai ya matso mita shida yake ganin abin da waninsa ke gani daga mita sittin. A kan wannan ma'auni Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina rabe-rabenta: ƙasa da 6/12 rauni ne mai sauƙi, ƙasa da 6/18 matsakaici, ƙasa da 6/60 mai tsanani, ƙasa da 3/60 kuwa makanta.

Allon ya yi wa duniya hidima, amma yana da illolin da ba su ɓoyu ga masu bincike ba, domin layinsa na sama harafi ɗaya ne, na ƙasa takwas ko fiye, kuma tazarar girma tsakanin layi da layi ba ta tafiya bisa ƙa'ida ɗaya, sannan 6/6 ɗin kansa ba shi ne ƙololuwar gani ba, tunda yawancin matasa masu lafiyar ido suna wuce shi. A 1976 Ian Bailey da Jan Lovie, a birnin Melbourne na Ostireliya, suka gyara waɗannan illoli da allon logMAR, mai harafi biyar a kowane layi, wanda girman haruffansa ke ninkawa bayan kowane layi uku, kowane harafi kuma yana da makinsa na 0.02. Da wannan ne aka sami lambar da za a iya tarawa a raba, a kwatanta ganin jiya da na yau.

Duk da haka, gyaran bai taɓa asalin tambayar ba, domin har yanzu abin da ake tambayar ido shi ne mene ne mafi ƙanƙantar baƙin harafi da zai karanta a kan farin allo cikin wadataccen haske, alhali kuwa fuskar mutum a zaure, da matakalar bene da almuru, da ramin hanya cikin hazon hunturu, manyan abubuwa ne waɗanda wuyarsu ita ce sun yi kusa da launin abin da ke kewaye da su. Fergus Campbell da John Robson na Jami'ar Kambirij sun nuna a 1968 cewa idan aka nuna wa ido zane mai ratsin haske da duhu, ana rage bambancinsu sannu a hankali, ya fi ƙwarewa a ratsi matsakaita, wajen 3 zuwa 5 a kowane digiri, inda yake gane bambancin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali layin 6/6 yana daidai da ratsi 30 ne a digiri, can kusa da iyakar abin da ido ke iyawa. Ashe ke nan allon haruffa gefe ɗaya yake leƙawa. Allon Pelli da Robson na 1988, wanda haruffansa girmansu ɗaya amma suna dusashewa uku-uku har su ɓace, an yi shi ne don toshe wannan giɓi.

4. Sahun Haske da Yadda Ake Auna Shi

Gwaje-gwajen da suka gabata duka da bakin majiyyaci suka dogara, suna gaya mana cewa gani ya raunana, ba sa gaya mana dalili. Domin gano dalilin sai a koma ga hasken kansa. Hasken da ya taso daga ɗigo ɗaya a ratina, ya ratsa madubin ciki da koniya ya fito waje, da idon ba shi da aibi ko kaɗan, da ya fito kamar sahun masallata da liman ya daidaita, babu wanda ya gabaci ɗan'uwansa. Amma a idon haƙiƙa wani yanki yakan yi gaba, wani ya yi baya, kuma gwargwadon wannan kaucewa, wadda ake aunawa da maikiron, wato kashi ɗaya bisa dubu na milimita, shi ne aibin idon.

Asalin dabarar awon tsohuwa ce. A 1619 Christoph Scheiner ya nuna cewa mai leƙa ɗan ƙaramin haske ta kafofi biyu makusanta zai ga haske ɗaya idan idonsa ya daidaita, ya ga biyu idan bai daidaita ba. A 1900 Johannes Hartmann ya yawaita kafofin domin gwada gilashin madubin hangen taurari, a 1971 Roland Shack da Ben Platt na Jami'ar Arizona suka maye gurbin kafofin da jerin 'yan ƙananan gilasai, sannan a 1994 Junzhong Liang da Josef Bille da abokan aikinsu a Heidelberg ta Jamus suka juya na'urar ga idon ɗan Adam.

Ga yadda abin yake a ɗakin gwaji. Majiyyaci zai ɗora haɓarsa kan mazauni, ya jingina goshinsa, a rage hasken ɗaki domin ƙofar idonsa, wato baƙin tsakiyar ido inda haske ke shiga, ta buɗe, a ce masa ya ƙifta sau ɗaya sannan ya tsayar da kallo. Na'urar za ta aika wani siririn haske wanda da ƙyar ido ke ganinsa ya sauka a ratina, abin da ya dawo ya ratsa ɗaruruwan 'yan gilasan nan, kowanne ya ɗiga ɗigonsa a kan kyamara. Mai awo zai ga ɗigogi jere a fuskar kwamfuta. Idan sun zauna reras kowanne a gidansa, idon ya kusa kamala, idan kuwa na ƙasa sun cunkushe na sama sun baje, to akwai magana. Daga nisan da kowane ɗigo ya kauce ake lissafo karkatar sahun a wannan gurbi, a haɗa su a zana taswirar ido duka cikin ƙasa da daƙiƙa guda.

Domin a sami harshe ɗaya na bayyana taswirar, sai aka ari lissafin da Frits Zernike ɗan ƙasar Holan ya wallafa a 1934, wanda ke warware kowace irin kaucewa zuwa siffofi sanannu masu daraja-daraja. Daraja ta biyu ta ƙunshi aibobin da tabarau ke gyarawa, wato gajeren gani da kishiyarsa da astigmatizim. A daraja ta uku ake samun aibin wutsiya, mai sa ɗigon haske ya ja jela gefe ɗaya, wanda yake yin yawa a cutar da koniya ke sirancewa ta yi tsini, wato keratokonus. A daraja ta huɗu ake samun aibin gefe, inda hasken da ya bi ta bakin ƙofar ido yake taruwa a wani wuri dabam da wanda ya bi ta tsakiya, sai fitila ta yi kewayen haske. Waɗannan na daraja ta uku zuwa sama tabarau na yau da kullum ba ya taɓa su.

Babban sharaɗin da ke juya wannan lissafi duka shi ne faɗin ƙofar ido, wadda ke tsukewa zuwa milimita 2 da rana, ta buɗe har 7 ko 8 cikin duhu a idon matashi. Campbell da Gubisch sun nuna a 1966 cewa hoto ya fi kyau idan faɗin yana tsakanin milimita 2 da 3, domin ƙasa da haka haske yana bazuwa a bakin ƙofar saboda ƙanƙantarta, sama da haka kuma aibobi ke rinjaye. Aibin gefe ma idan faɗin ƙofa ya ninka sau biyu, shi sau goma sha shida yake ninkawa, kuma wannan shi ne sirrin idon da ke wuce jarrabawa da hantsi ya faɗi da dare. Saboda haka duk lambar aibi da aka rubuta ba tare da faɗin ƙofar da aka auna ta a kai ba, ba ta da wata fa'ida ga mai karanta ta.

5. Abin da Na'ura Ba Ta Faɗa

Da na'urar ta yaɗu, musamman bayan da aka fara amfani da taswirarta wajen fiɗar koniya da hasken lesa a ƙarshen shekarun 1990, sai aka koma ga tsohuwar ɗabi'a ta neman lamba guda, aka dunƙule taswirar duka zuwa jimillar kaucewa da ake kira RMS. A lafiyayyen ido mai ƙofar milimita 6, jimillar ƙananan aibobi kimanin maikiron 0.3 ce, wadda idan aka mayar da ita lissafin tabarau ba ta wuce rubu'in diyofta ba, daidai da mataki mafi ƙanƙanta a akwatin gilasan gwaji. Amma Raymond Applegate da abokan aikinsa a Houston sun nuna, a farkon shekarun 2000, cewa aibobi biyu masu jimilla ɗaya ba sa rage gani daidai wa daida, kuma abin mamaki, wani aibin idan aka haɗa shi da wani, jimilla ta ƙaru amma karatun harafi ya gyaru, saboda ɗaya ya danne ɗaya. A 2004 shi da Larry Thibos da sauransu suka kwatanta ma'aunai sama da talatin, aka ga waɗanda suka fi dacewa da abin da mutum ke gani su ne masu auna hoton da ya sauka a ratina, suna kuma la'akari da irin ratsin da jijiyoyin gani suka fi karɓa.

Akwai kuma abubuwa uku da taswirar ba ta ɗauka. Na farko tarwatsewar haske, wadda yanar ido ke haddasawa tun tana sabuwa, ta shimfiɗa farin hazo kan hoto idan mutum ya fuskanci rana ko fitila, alhali ɗigogin na'ura suna zaune a gidajensu. Wannan da wata na'ura dabam ake auna ta. Na biyu aibin launi, domin na'urar da launi ɗaya take awo, shi kuwa ido yana tara shuɗin haske da jan haske a wurare biyu da bambancinsu ya kai wajen diyofta 2, kuma da wannan bambanci ne likita ke amfani idan ya tambayi majiyyaci ko haruffan ɓangaren ja ne suka fi fitowa ko na kore. Na uku sauyawar idon kansa, domin siririn hawayen da ke lulluɓe koniya yana tsinkewa tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa, shekaru kuma suna nasu aikin, kamar yadda Pablo Artal na Jami'ar Murcia a Sifen ya nuna cewa madubin cikin matashi yana soke wani kaso na aibin koniyarsa, sai tsufa ya warware wannan daidaito.

Bayan waɗannan duka akwai ƙwaƙwalwa, wadda ita ce mai yanke hukuncin ƙarshe. A 1997 Liang da David Williams da Donald Miller, a Jami'ar Rochester ta Amurka, suka gyara ƙananan aibobin ido da wani madubi mai sauya siffa, gani ya ƙara kaifi, har suka ɗauki hoton ƙwayoyin karɓar haske ɗaya-ɗaya a rayayyen ido. Amma waɗannan ƙwayoyi suna da nasu iyaka, domin jerinsu a tsakiyar ratina ba ya rarrabe fiye da ratsi 60 a digiri komai kyan hoton. Sannan a 2004 Artal da Williams da abokansu suka yi wani gwaji mai ban sha'awa, inda suka nuna wa mutane hoto ta cikin aibobinsu na asali, suka sake nuna musu ta cikin aibobin nan dai amma an juya su zuwa wata fuska. Yawan aibin bai sauya ba, duk da haka mutanen sun ce na farkon ya fi fitowa, alamar cewa ƙwaƙwalwa ta saba da tawayar idonta, tana gyara ta ba tare da sanin mai ita ba.

6. Fifita Mafi Muhimmanci

Bai kamata sha'awar sabuwar na'ura ta mantar da mu ƙa'idar gabatar da mafi muhimmanci a kan muhimmi ba. A yawancin idanu aibobin daraja ta biyu su ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na kaucewar sahun haske, kuma su ne masu sauƙin awo da arhar magani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu rauninsu abin da za a iya karewa ne ko wanda ba a kula da shi ba. A Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 a kan mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, wanda ya yi amfani da allon logMAR mai harafin E da ake nuna fuskarsa da yatsu domin wanda bai yi karatun boko ba, ya sami makanta a kashi 4.2 cikin 100, yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar, rashin tabarau kuma shi ne sanadin fiye da rabin matsakaicin raunin gani. Wanda ke buƙatar gilashi mai diyofta 3 bai samu ba, maganar rubu'in diyofta ba ta taso masa ba tukuna.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari huɗu nake gabatarwa. Na ɗaya, a fifita allon logMAR a kan na Snellen a duk binciken da za a kwatanta sakamakonsa, a kuma rubuta nisa da hasken ɗakin da aka yi gwajin. Na biyu, a sanya gwajin bambancin haske cikin aikin yau da kullum ga masu yanar ido da direbobi da duk mai kukan ganin dare, tunda allonsa ba ya buƙatar lantarki. Na uku, a keɓe na'urar sahun haske ga inda take da tasiri na haƙiƙa, wato zargin keratokonus, da shirin fiɗar koniya, da kukan da ya saura bayan an gyara tabarau, kuma kada a karɓi sakamakonta sai da faɗin ƙofar ido a jikinsa. Na huɗu, idan lamba ta saɓa wa bayanin majiyyaci, a ɗauki saɓanin a matsayin dalilin ƙara bincike da wani ma'auni, domin kowane ɗaya daga cikinsu an nuna iyakarsa a sama. Allah Ya sa mu dace.